Wuyan Hannun Bube

Ranar Laraba, bayan sallar la'asar, mu uku ne a gindin bedin da ke bakin tabki: ni, da Illa tela, da Nomau wanda ya shigo daga Mai Yara don a duba masa ido. Mu ne ragowar 'yan ƙwallon tabki da ake iya tarawa a wuri guda. Na huɗunmu, Bube, yana can arewa da Azagor da shanunsa, kamar yadda yake yi kowace damina. Abin da ya bambanta bana shi ne tun saukar ruwan farko bai leƙo kasuwar Dakoro ba. Mutum ne da ba ya daɗewa bai sauko ya sayar da akuya ya sayi gero da shayi da kanwa ba, kuma duk saukowa a zaurena yake jingine sandarsa.

Illa ne ya ce a kira shi. Na latsa lambarsa, na buɗe muryar salula yadda kowa zai ji. Ta daɗe tana ƙara kafin a ɗauka, sai ga muryar Bube, da sunan da Fulani ke kiran Bahaushe.

"Kaɗo! Ashe ba ka mutu ba?"

"Ina jira ka riga ni, Agwai. Ina gajiya? Ina dabbobi?"

"Lahiya… lau. Ciyawa ta yi. Nono har… karnuka sun ƙoshi."

"To mi ya hana ka kasuwa?" in ji Illa. "Ko amarya ka yi ba ka gaya muna ba?"

"Tela, kai ma kana nan? Mi zan yi da garinku? Zahi… da surutu. Ku gaida gida."

Ya kashe. Illa ya buga cinya yana dariya, ya ce, "To ka ji. Bakin nan nashi bai rage komi ba. Sai ka kwantar da hankalinka." Nomau ya gyaɗa kai, ya ce makiyayi in ciyawa ta yi masa kyau ko gidansu ba ya tunawa.

Ni ban yi dariya ba. Na yi aikin rediyo tun ina da baƙin gashi har na ajiye, kuma abu na farko da aka koya mana a gaban mikro numfashi ne: inda ake shaƙa, inda ba a shaƙa, da yadda ake ɓoye shi a bayan waƙafi don kada mai saurare ya ji. Wanda ya koyi ɓoye nasa yana jin na wani. Bube ya raba "lahiya lau" gida biyu. Wannan mutum ne da yake jero gaisuwar gida da ta dabbobi da ta mutanen da ba ka ma sani ba a numfashi guda, har sai ka roƙe shi ya tsaya. Kuma bai taɓa riga ni kashe waya ba. Na faɗa musu haka. Illa ya ce rezo ne, wato layin waya, arewa rezo ba shi da ƙarfi. Na ce rezo yana yanka magana inda ya ga dama, har tsakiyar kalma, amma wannan yankan a gaɓa yake, daidai inda ƙirji ke neman iska.

"Ya dai amsa," in ji Illa.

"Ni ma na taɓa amsawa," na ce. Sun san abin da nake nufi, domin su biyun suna cikin ruwa ranar da abin ya faru.

Wanda bai san Dakoro ba zai yi mamakin jin an taɓa yin ƙwallon ruwa a nan, garin da rabin shekara mutane da jakuna ke layi a bakin rijiya. Amma a lokacin ƙuruciyarmu tabkin nan in ya cika, daga wannan gaɓa ba ka gane fuskar wanda ke waccan. Abin da na fi tunawa ƙararsa ce. Kwaɗi sukan fara tun ranar ruwan farko, kamar a ƙarƙashin yashi suka shekara suna jira. Da hantsi akwai ƙarar tano, gangar ɗibar ruwa, babu komai a ciki yana tsalle bisa amalanke, da mata suna buga wanki, da shanu suna shiga har ƙirji suna huci, balbelu na binsu. Mu 'ya'yan manoma ba ma kusantarsa sai mun gama rabonmu na noma, mun yanko wa awaki ciyawa. Ko sannan ma a sace muke shiga. Innarmu takan ce kowace shekara ruwan nan sai ya ɗauki ɗan wani, ita dai ba nata ba. In na dawo gida sai ta kama damtsena ta ja farce a kai. In farin layi ya fito, na shiga ruwa ke nan, babu sauran shari'a. Na koyi shafa man gyaɗa kafin in shiga gida, ita kuma ta koyi sansana ni.

Mutumin da ya mayar da satar wanka ta zama ƙungiya malamin lakwal ne, wato makarantar boko, da aka turo mana daga bakin kogi. Mushe kawai muke ce masa, yadda ake kiran malam da Faransanci, har iyayenmu. Hausarsa ta koyo ce, ba ya raba namiji da mace, sai ya dubi ƙato mai gemu ya ce, "Ke, zo nan." Ranar da ya fara ganin iyonmu ya riƙe baki. Muna dukan ruwa da hannu da ƙafa kamar an jefa kaji, kai a sama, ido a rufe. Bai kai ƙararmu ba. Gida gida ya bi, ya zauna a zaure ya ce wa iyayenmu, "Yaranku tana shiga ko kun hana. Gara ta shiga ina kallo." Wasu suka yarda, wasu suka kore shi. Mahaifina ya yarda ne bayan ya tambaye shi ko shi kansa ya taɓa ciro wanda ya nutse, Mushe ya ce ya taɓa, ya kuma taɓa kasawa. Baba ya ce amsar ta biyu ce ta sa ya amince.

Ƙwallon roba ce ya kawo, ja, wadda rana ta ci launinta. Raga ba mu da ita. Gora biyu ake ɗaure wa igiya da dutse a jefa a gabas, wasu biyu a yamma, tsakaninsu shi ne gida. Wasan a zurfi ake yinsa, inda ƙafa ba ta taɓa ƙasa, saboda haka watan farko bai bar mu mun taɓa ƙwallon ba. Tsayuwar ruwa kawai muke koya: ƙafafu suna juyawa a ƙasa, hannaye biyu a sama, har cinya ta ɗauki wuta. Dokokin kaɗan ne. Da hannu guda ake ɗaukar ƙwallo. Ba a danna mutum. Ba a riƙo. 'Ya'yan Fulani da na Buzaye da ke shayar da dabbobi a waccan gaɓa suka yi ta kallo, daga baya suka fara ajiye sanduna suna shigowa. Wasan farko da aka yi 'yan gari da 'yan daji da jifan laka ya ƙare, washegari iyaye suka zo da fuska a ɗaure. Mushe bai sake wannan rabon ba. Ya gauraya mu, ya yi Gabas da Yamma, ya ba kowa abokin karawa guda wanda zai tsare duk damina. Nawa shi ne Bube, siriri, mai dogayen yatsu, wanda bai taɓa taka lakwal ba kuma yana ganin duk wanda ya taka ya rasa abin yi ne.

Bube mugun ɗan wasa ne, kuma ko yau a gabansa zan faɗa. Ruwan tabki ja ne kamar kunun kanwa, in ka tsoma hannu zuwa gwiwa ba ka ganin yatsunka. Bube ya gane wannan kafin kowa. Da zarar an fara wasa sai in ji yatsunsa sun zagaye wuyan hannuna na hagu a ƙarƙashin ruwa, fuskarsa kuwa tana kallon wani wuri kamar mai tunanin lahira. In na yi ƙara, Mushe ya ce, "Ban gani ba." Bube ya ɗaga hannunsa guda ya ce, "Kaɗo mafarki yake, Mushe." Na cije shi, na shure shi, na yi kuka sau ɗaya don haushi. Bai daina ba.

Mushe yana da hanyarsa ta tabbatar da cewa ba a rasa kowa ba, hanyar aji. Yakan tsayar da wasa daga kan gaɓa ya yi apel, wato ya kira suna ɗaya bayan ɗaya, kowa ya amsa "Parzan!", wato ina nan, kamar yadda muke yi kowace safiya a lakwal. 'Yan daji ma suka koya, suna faɗinta da tsiya. Wata la'asar, ƙarshen damina, ruwa ya fara sanyi a ƙasa ko da samansa da ɗumi, na yi noma tun safe ban ci abin kirki ba. Muna tsakiya, jijiyar ƙafata ta dama ta ɗaure. Ban taɓa jin irinsa ba, kamar an saka dutse a cikin ƙwaurina. Na tsaya da ƙafa guda, sai ita ma ta fara. Daidai lokacin Mushe ya tsayar da wasa ya fara apel. Ina jin sunaye suna matsowa. Da ya kira nawa, bakina ya ce "Parzan!" da ƙarfi, sarai, yadda ya saba. Ban yi niyyar ɓoye komai ba. Yaron da aka kira sunansa a aji amsawa yake yi, ba ya tsayawa ya duba jikinsa. Mushe ya wuce zuwa suna na gaba, ni kuma na wuce ƙasa.

Mutane suna zaton mai nutsewa ihu yake yi. Babu ihu. Ruwa ya rufe bakina, haske ya zama ja, ya zama baƙi, ina jin muryar Mushe daga nesa tana ci gaba da kiran yara, suna amsawa. Abin da ya rage mini a duniya yatsun nan ne a wuyan hannuna. Bube bai saki ba ko da aka tsayar da wasa, don yana jiran a ci gaba ya hana ni ƙwallo. Ya ji hannun ya yi nauyi yana jansa ƙasa. Shi ma ya sha ruwa kafin ya fito da kaina, yana ihu da Fillanci, abin da babu ɗan gari da ya gane sai dai muryar. Ko da manya suka iso suka kama ni, bai sake ni ba, har sai da ƙafata ta taɓa laka.

Da na gama amai a kan gaɓa na ga Mushe zaune a ƙasa, rigarsa jiƙe. Sannan ya dubi Bube ya ce, "Ke, yaya aka yi kika sani?" Bube ya sunkuyar da kai, domin amsar tona asirinsa ce. Ya ce, "Ina riƙe da shi ne, Mushe." "Tun yaushe?" "Tun farkon damina." Yara suka fashe da dariya, ni ma na yi, da ragowar ruwa a hancina. Mushe bai yi ba.

Daga ranar aka bar apel. Riƙo a cikin wasa yana nan a matsayin laifi, amma in Mushe ya ɗaga murya ya ce "Amana!" sai ƙwallo ta tsaya duk inda take, kowa ya nemi abokin karawarsa ya kama wuyan hannunsa ya ɗaga sama, sannan su ce "A hannu!" Ba ka faɗin wannan kalma a kan kanka. Ba ka faɗinta don ka hango mutum, ko don ka ji muryarsa. Sai fatarsa tana cikin tafinka. In kuwa ka ji hannun ba daidai ba, ba ka cewa komai, ba ka kuma saki har ƙafarsa ta taɓa ƙasa, ko yana zaginka. Mushe ya ce wanda ya fi kowa sanin inda kake a cikin ruwa shi ne wanda yake son ya hana ka ƙwallo, saboda haka shi za a ba ajiyarka. Tun daga nan ba ma cewa abokin karawa. Amanata muke cewa.

Ƙungiyar ta daɗe bayan an ɗauke Mushe zuwa wani gari. Manyanmu suka riƙe ta, daga baya mu muka zama manyan. Yaran garin Ɗan Gulbi sukan zo a amalanke mu kara, su koma suna cewa gorunanmu sun fi nasu kusa da juna. Mata sukan ajiye wanki su yi guɗa in an ci. Ba zan ce komai daɗi ne ba. Yawancinmu mun yi tsargiya, mun yi fitsarin jini muna zaton alamar girma ce, wasu kurkunu ya kwantar da su lokacin girbi. Amma a duk shekarun da ake kiran amana a tabkin nan, ban san ɗan ƙungiya guda da ruwa ya ɗauka ba. Abin da ya kashe ta a hankali ya zo. Shekarun fari tabkin bai cika ba, yara suka tashi ba su san tsayuwar ruwa ba. Makiyaya da yawa suka rasa dabbobi suka watse. Ni aiki ya kai ni birni, Illa ya zauna kan keken ɗinki, Nomau ya koma gona. Babu ranar da aka ce an rufe. Wata damina ce kawai ruwa ya zo, babu wanda ya jefa gora.

Yanzu yashi ya cinye rabin tabkin, iska ta tara leda a bakinsa. Masu tubali sun haƙe gefensa da rani, saboda haka in ya cika, inda kake zaton gwiwa ne sai ka ji babu ƙasa. Yara suna shiga har yau, a sace, kamar yadda muka yi, sai dai babu mai tsayawa a gaɓa. In na wuce na gan su nakan tsaya ina bin kawunansu da ido har sai sun fito, su kuma suna kallona kamar tsohon da ya ɓata hanya. Ƙwallon da suka sani ta cikin talabijin ce. Ban ga laifinsu ba. Abin da ya saura daga ƙungiyarmu bai fi wannan kalma guda ba, a bakin tsofaffi kaɗan. Nomau, amanarsa wani Buzu ne, kuma da ya rasu Nomau ne ya yi masa wanka, danginsa suka matsa suka ba shi wuri ba tare da an yi musu bayani ba. In dabbobi sun shiga gona, sau da yawa kafin magana ta kai gaban mai gari an riga an nemo wani tsohon manomi da wani tsohon makiyayi da suka taɓa ɗaga hannun juna. Illa mai tsaron gida ne, amanarsa mai tsaron ɗaya gidan, ya tafi ci-rani arewa tun muna da ƙarfi, ba a sake jin labarinsa ba. Illa ba ya son a yi zancen. Ina jin shi ya sa ya fi kowa saurin cewa murya ta isa.

Zamanin nan kuwa na murya ne, kuma ina cikin waɗanda suka gina shi. Na shekara da shekaru ina gaya wa mutanen da ban gani ba cewa barkansu da war haka, da murya guda ko ina zazzaɓi ko an yi mini rasuwa. Na san yadda ake yi. Yanzu kowa yana da mikro a aljihu, kowa ya iya. Ɗanka yana wata ƙasa ya ce lafiya lau, ka ce alhamdu lillahi, ka kashe. Ba ka san ko ƙafarsa tana taɓa ƙasa ba.

Da na koma gida ranar Larabar na gaya wa maiɗakina zan hau motar Azagor. Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba.

"Malam, da wace gwiwa?"

"Da wadda ta rage."

"Ba ka ji abin da ake faɗi kan hanyar nan ba? Mutum ya ce maka lahiya lau da bakinshi. Yana da ɗiya, yana da mata. Kai mi naka?"

"Da a ce mutumin nan ya yarda da bakina, da ba ki same ni ba."

Ta san labarin, ta ji shi har ta gaji. Ta ajiye rariya ta ce, "To ka sake kira, ka nemi ɗanshi." Na kira. Bube ne ya ɗauka, ya ce yaron ya tafi kiwo. Washegari na sake kira, ya ce ya tafi rijiya. Kwana na uku waya ba ta shiga ba. Ranar ban iya cin abinci ba. Na yi ta maimaita maganarsa a kaina kamar faifan da ake tacewa, ina neman inda zan ce kunnena ne ya tsufa. Ban samu ba. Da safe na tarar ta ɗaure mini ƙullin gero da sukari da ganyen shayi, ta ajiye bisa takalmina.

Motar kasuwa ce, mu da buhuna da awaki. Duk inda ta rage gudu sai hira ta mutu, kowa ya leƙa gaba, in an ga rami ne kawai sai a ci gaba da magana. Gonakin gero suka yi ta raguwa har suka ƙare, ciyawa ta karɓa. A Azagor na yi tambaya a wurin masu sayar da nono, wata tsohuwa ta kwatanta mini rijiyar da suke kusa da ita, sannan ta dube ni ta ce, "Kai ne Kaɗon nashi?" Na ce ni ne. Ta ce, "To yi sauri." Ban tambaye ta dalili ba, don ban so in ji a tsaye a kasuwa. Na hau kabu-kabu, yaron yana gudu a cikin yashi, ni ina riƙe da rigarsa ina karanta duk abin da ya zo bakina.

Sun ji ƙarar babur tun daga nesa. Ko da na sauka, Bube yana zaune a kan tabarma a inuwar aduwa, da rawani, da babbar rigarsa ta zuwa kasuwa, an jingina masa sirdi a baya. Wanda bai san shi ba zai ce basarake ne ke hutawa. Babban ɗansa, Umaru, yana tsaye a gefe yana kallon ƙasa. Na lura da abu biyu: Bube bai tashi ba, kuma hannayensa duka suna cikin riga.

"Kaɗo, yunwa ta koro ka? Umaru… a ba shi nono, ya koma."

"Na zo ganin amaryar da Illa ya ce ka yi."

"Ka ganni. Lahiya… lau. Ka ɓata kuɗin mota."

Na zauna kusa da shi, gwiwata tana ƙara. Muka gaisa, gajeriyar gaisuwa, ni ne ma na ja ta. A kusa ba sai an yi aikin rediyo ba, numfashinsa yana fita da wani siririn sauti kamar iska a bakin gora. Na dubi Umaru. Ya ce a hankali, "Baba, ya hana mu faɗi. Ya ce in dabbobi sun sauka kudu zai je likita."

"Wa ya tambaye ka?" in ji Bube.

Saukar dabbobi sai bayan girbi. Na yi lissafin a zuci, ban faɗa ba. Na gyara zama, na ɗaga murya yadda ake ɗaga ta daga gaɓa, na ce, "Amana!"

Matan da ke bayan bukka suka leƙo. Umaru ya dube ni kamar na taɓu. Bube ya kawar da kai.

"Nan ba ruwa, Kaɗo."

"Amana."

"Mu tsohhi ne. Yara na… kallo."

"Ka riƙe ni damina guda ba da izinina ba. Kawo hannun."

Ya daɗe. Sannan ya zaro hannun dama daga cikin riga, yana kallon wani wuri, da fuskar nan tasa ta mai tunanin lahira. Na kama wuyan hannun. Yatsuna suka zagaye shi suka haɗu har suka wuce juna. Zafi ne da shi kamar dutsen da ya wuni a rana, jijiyar tana bugawa da sauri, ƙanana ƙanana.

"To faɗi," in ji shi. "Faɗi ka sake ni."

Ban faɗa ba. Ya san dokar kamar yadda na san ta. Ya ja, babu ƙarfin ja. Ya zage ni da Hausa, ya koma Fillanci, tari ya katse shi, tari mai tsawo wanda ya sa Umaru ya durƙusa ya riƙe masa kafaɗa. Aka kawo shayi, na karɓa da hagu, na ba matarsa haƙuri. Inuwa ta matsa, muka matsa tare. Ya ce shanunsa ba su san kowa ba sai shi. Umaru ya ce sun san shi. Ya ce gidan likita wurin mutuwa ne. Na ce to ya zo ya mutu a kusa da ni, in huta da kuɗin mota. Ya ce hannuna yana wari irin na masu cin daddawa.

Da la'asar ta yi ya ce, "Sake ni in yi alwala."

"Ka ce za ka."

"Za ka hana ni salla, kahiri?"

"Kai za ka hana mu, mu biyu. Ni ma ban yi ba."

Ya dubi rana, ya dubi ɗansa, ya dubi hannuna. Ya ce wa Umaru wata magana da Fillanci, gajeriya. Umaru ya tashi da gudu ya nufi inda jakuna suke. Sannan na sassauta yatsuna, amma ban ce a hannu ba, shi ma bai sake nema ba.

Washegari amalanke ya kai mu Azagor, mota ta kawo mu Dakoro. Lokotoro, wato likita, ya ce huhu ne, ya ce an makara amma ba a makara duka ba, ya ɗora shi kan magani mai tsawo. Yanzu Bube yana kwance a ɗakin da ke cikin zaurena, sandarsa a jingine inda ta saba. Illa yana zuwa kowace la'asar da ɗinkinsa na hannu, ya zauna a bakin ƙofa. Kowace safiya nakan kama wuyan hannun kafin in gaishe shi. Har yau ban faɗi kalmar ba.